Kashin Jemage a Kan Batir

Ku yaran yanzu kuna cewa aikin wutar mota ba shi da wuya. Mota ta ƙi tashi, ku ce batir ne, a sayo sabo. Sabon ya mutu, ku ce dinamo ne, a sayo wani. Wannan ba gyara ba ne, saye ne. Mai ƙosan bakin tasha ma in an ba ta kile, wato sufanar kwance noti, za ta iya.

Sunana Mutari. Rumfata tana cikin tashar Matameye, tsakanin masu faci da mai shayi. Ban yi lakkol ba, wato boko, kuma ban iya dogon zance ba. Abin da na sani zan faɗa, mai so ya ɗauka.

Aikin farko da na gani da idona a Damagaram ne, wajen maigidana Issufu, wanda ya koya mini sana'ar. Aka turo wata motar ɗaukar rake. Mai ita ya canja batir har biyu, duk sun mutu. Issufu bai ko dubi batir ba. Ya sa babban yatsa ya danna bel ɗin da ke juya dinamo, bel ya lotsa kamar tsohuwar igiyar guga. Ya ja dinamo baya, ya ɗaure noti ɗaya, ya ce a tura a tayar. Aikin ke nan. Da mutumin ya tafi sai ya ce mini batir randa ce kawai, dinamo ne mai ɗebo ruwa. In ka tarar da randa ba ruwa, kafin ka fasa ta ka bincika: ba a ɗebo ba ne, ko tana yoyo, ko wani ne ke sha a ɓoye. Bai maimaita mini ba. Issufu ba ya faɗin magana sau biyu, ta biyun da bayan hannu yake faɗa.

Na daɗe a wajensa ba a bar ni na buɗe dinamo ba. Aikina shi ne wanke kan batir da ruwan zafi da kanwa, da kankare kos, wato maƙalin da ke riƙe waya a kan batir, da tarar ruwan sama a damina a zuba a kwalabe don ƙara wa batir. Ruwan batir ya cinye mini wanduna da yawa. Har yau in na ga mai aikin wuta da wando ba huda, na san jiya ya fara.

Kayan aikina ba su cika akwati ba. Ƙwan fitila guda da na laƙa masa waya biyu. Turnabis na juya sukuru. Kile na goma da na sha uku. Ƙarfen narka dalma da nake gasawa a gawayi, tunda wutar gari ba abin dogaro ba ce. Sai mita mai allura. Ban iya karanta rubutun da ke jikinta ba, amma na san wurin da ya kamata allura ta tsaya. Inji a kashe, ta ɗan wuce sha biyu. Inji na tafiya, ta hau kusa da sha huɗu. In ba ta hau ba, dinamo ba ya bayarwa. In ta zarce, dafa batir yake yi, kuma kafin mita ta faɗa maka hancinka zai faɗa, don warin ruɓaɓɓen ƙwai yake yi. Mita ita ce ta ƙarshe a wajena. Ido ne farko, sai hanci, sai hannu.

Wata ƙaramar mota ta wani malamin asibiti, kullum da safe sai an tura ta. Batir sabo, dinamo lafiya. Na kashe komai, na zare makulli, na cire kos ɗaya na sa ƙwan fitilata tsakaninsa da kan batir. Ƙwai ya kama. Ke nan akwai mai sha a ɓoye. Na yi ta cire waya ɗaya bayan ɗaya har ƙwan ya mutu. Ashe wani ne ya ɗaura masa rediyo ya jona kai tsaye da batir, tana ci ko an kashe ta. Da a hannunku ne, da mutumin ya sayi batir na uku.

Kunne kuwa ba na ba direba. Direba bai taɓa yin komai ba, kullum mota ce ta wayi gari haka. Wani ya zo daga Dawce ya rantse bai taɓa batir ba. Na buɗe marafan na ga laka, ruwan rijiya yake ƙara masa. Wani ya buga ƙusa tsakanin kos da kan batir don ya kama, har kan ya tsage. Akwai kuma gwajin da duk tasha ke yi: inji na tafiya a cire kos, in mota ba ta mutu ba a ce dinamo lafiya lau. Wannan gwajin ya kashe dinamo fiye da yashi da zafi. Dinamo na turo wuta, ka janye batir daga gabansa, wutar ba ta da wurin zuwa, sai ta ƙone diyod, ƙananan abubuwan nan da ke cikinsa masu hana wuta komawa baya. Na faɗa har na gaji. Suna yi har gobe.

Shekarar da aka rufe iyaka, aka kuma yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya, a nan aka tace masu sana'a. Kayan Kano suka daina zuwa, sai ɗan abin da aka ratso daji da shi a kan babur, rabinsa kuma jabu. Na'urar cajin da ke rumfata ta zama wurin kwanan kaji. Masu saye su ɗaura suka rufe, wasu suka koma sayar da mai a kwalba. Ni na koma bayan rumfa, wajen tarin matattun dinamo da nake ajiyewa ana mini dariya. In cire diyod a wannan, in goge gawayin wancan a dutse har ya shiga, in haɗa uku su zama ɗaya. Da haka motocin tashar nan suka ci gaba da zuwa kasuwanni.

A cikin shekarar aka kawo mini bas ɗin Alhaji Laminu. Alhaji mai motoci ne, ba ya tuƙi, amma yana da baki a sandika, wato ƙungiyar direbobi, maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa a tasha. Direban bas ɗin Habu ne, mutum mai sanyin hali, wanda ke bin hanyar Yauri ta nan kusa da mu zuwa ƙauyukan da ke bayanta. Ya ce jar fitilar batir ta kama ta ƙi mutuwa. Na buɗe dinamo, diyod sun ƙone. Na canja, na auna, allura ta hau inda ya kamata. Bayan kasuwa biyu ko uku ya dawo da ciwo iri ɗaya. Na bi wayoyi kaf, na kankare wurin da wayar ƙasa ke kama jikin mota, na duba bel, na sake gyarawa. Na tambaye shi ko yana cire kos inji na tafiya. Ya ce a'a, yana kallon takalminsa.

Karo na uku Alhaji da kansa ya zo, ranar kasuwa, tasha a cike. Bai shigo rumfa ba. A tsakiyar fili ya tsaya don kowa ya ji. Ya ce hannun Mutari ya mutu. Ya ce ina cusa wa mutane ruɓaɓɓun kaya don su yi ta dawowa, duk wanda ya ba ni dinamo ya ba wuta. Kafin la'asar motoci biyu da ke jirana aka tura su suka fita. Washegari sarkin tasha ya kira ni. Ya ce sandika ta zauna, in ban warware maganar bas ɗin nan ba kafin kasuwa mai zuwa, in kwashe kwanon rufina in ba wani wurin. Rumfar nan ita ce abincin gidana, kuma a shekarar ba inda mutum zai je ya fara sabo.

Ban ba shi haƙuri ba. Na ce a turo mini motar.

Wannan karon ban fara da dinamo ba. Na ɗaga kujerar da batir ke ƙarƙashinta, na tsuguna ina kallo. Notin kos ya yi ƙyalli, gefensa ya cinye, irin na notin da ake yawan kwancewa. Batir ɗin kuma fari ne, alhali wanda na gani karon farko baƙi ne. Na shafa samansa, wasu ƙananan abubuwa baƙi-baƙi suka maƙale a yatsana. Na murje na sansana. Kashin jemage ne. Batir ɗin da ke rufe ƙarƙashin kujera, ina ya haɗu da jemage?

Na tambayi Habu. Ya ce bai sani ba, wataƙila a gidan Alhaji ne. Na ce to.

Ina da dinamo guda nawa na kaina, mai lafiya, wanda nake gwaji da shi. Ba na sayarwa, ba na bayar da aro. Na ɗaura shi a bas ɗin, na ajiye na Alhaji a kan tebur ban taɓa ba. Na ce wa sarkin tasha gobe zan bi motar har inda take juyawa. Habu ya ce hanya ba kyau, kuma kujerar gaba an riga an ba wani. Na ce zan zauna kan buhu.

Har muka wuce Yauri ba abin da ya faru. Ina leƙa gaban direba, jar fitila a kashe. Da muka doshi wani ɗan ƙauye mai masallacin ƙasa a bakin hanya, sai Habu ya ƙara gudu maimakon ya rage. Wata tsohuwa a baya ta buga jikin mota, ta ce nan za ta sauka, ko Makka yake shirin kai ta. Ya tsaya. Kafin ta gama sauke kajinta, ga wani dattijo ya fito daga masallacin yana turo baro, baƙin batir a ciki. Ladanin garin ne.

Ya ce, "Habu, ka ɓace mana. Kwana da kwanaki da maƙogwaro nake kira, mutanen gona ba sa ji, sai su ce ban kira ba."

Habu ya ce, "Baba, yau a bari."

"A bari don me? Ga shi na kawo. Kar ka kashe injin dai, ka san wannan ba ya tayar da ita."

Na sauko. Na gaida dattijon, na tambaye shi yadda suke yi, ya faɗa mini duka yana murna. Batir ɗin lasifikar masallaci ne. Da can Matameye ake kai shi caji. Da wuta ta ɗauke, Habu ya ce a bar masa. Duk lokacin da ya biyo, sai ya cire cikakken da ke mota, inji na tafiya, ya ba masallaci, ya ɗaura wanda ya ƙare, mota ta cika shi a hanya. Dattijon ya ce yaron kirki ne, har ya hana a faɗa wa kowa. Na leƙa cikin masallacin. Jemagu ne reras a azara, daidai saman lungun da ake ajiye batir.

Ciwo biyu ke nan a wuri ɗaya. A janye batir dinamo na turo wuta, sannan a ɗora masa wanda ya ƙare ƙurmus, ya yi ta ja da iyakar ƙarfinsa cikin yashi da zafin rana. Ba dinamon da zai jure haka, ko wane ne ya gyara shi.

Na ce yau ba za a canja ba, dinamon da ke motar nawa ne. Ladan ya juya baronsa ransa a ɓace.

A hanyar dawowa, da fasinja suka ragu, Habu ya ce in rufa masa asiri. In Alhaji ya ji zai karɓe makulli, ga iyali. Ya ce shi aikin Allah yake yi.

Na ce, "Kana tsaye a filin tasha aka ce hannuna ya mutu. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Ya ce ya ji.

"To daga nan zuwa Matameye ka shirya bakinka. In ka faɗa, ni zan yi shiru. In ba ka faɗa ba, zan faɗa."

Bai faɗa ba. Da aka taru a rumfar sandika, Habu na gefe kansa a ƙasa, na ba shi lokaci har sarkin tasha ya sake tambayata. Sai na faɗa, daga noti har jemage. Ban ƙara ba, ban rage ba. Wasu suka ce ban kyauta ba. Ban tambaye su ba.

Carbi ya tsaya a hannun Alhaji. Kowa na jira ya ce Habu ya ajiye makulli. Sai ya gyara zama ya ce, "Ashe motata ce ke kiran salla a can." Ya ce batir nasa, mai nasa, diyod ɗin da suka ƙone nasa, to lada ma ai nasa ne, Habu ɗan aike ne kawai. Aka yi dariya, aka yi ta cewa Allah ya karɓa, Alhaji. Wani kamasho har ya ce dama an san shi da hannun alheri. Habu ya tsira da makullinsa. Sarkin tasha ya shafa fatiha, ya ce magana ta ƙare, Mutari ya zauna a rumfarsa, ya je ya gyara wa Alhaji mota.

Na ce magana ba ta ƙare ba.

Na ce an bar mini kwano da itace, amma ba su ne ke kawo mota ba. Suna ne ke kawo mota, shi aka zubar a tsakiyar fili ranar kasuwa, kuma a can za a kwashe shi. Wanda ya ce hannuna ya mutu, ya tsaya inda ya tsaya ya ce bai mutu ba. Sarkin tasha ya ce in ji tsoron Allah, Alhaji babba ne, ba a sa babba haka. Na ce ranka ya daɗe, ranar da ya faɗa ma babba ne. Na tashi na ɗauki kile, na kwance dinamona daga bas ɗin a gabansu, na kai rumfa. Motar ta zauna inda take.

Kwanakin da suka biyo ba mota ko ɗaya da ta shigo wajena. Direbobin ƙauye da suka ji zagin ranar kasuwa ba su ji zaman sandika ba, waɗanda suka ji kuma suna tsoron Alhaji. A gida aka koma tuwo sau ɗaya. Ina zuwa da safe, in share rumfa, in zauna har magariba.

Alhaji ya aiko a karɓi dinamonsa. Na bayar, nasa ne. Aka kai Damagaram, can ma suka ce ba diyod, sai dai su sayar masa da wani da aka ratso daji da shi. Ya saya, aka ɗaura, jar fitila ta kama tun ba su fita gari ba. Aka turo motar aka mayar wurinta, aka dawo mini da tsohon dinamon aka ajiye a bakin rumfa. Ban taɓa shi ba. Ina da diyod ɗinsa a gwangwani, na ƙarshe da suka rage mini, kuma sun sani.

Ya aiko Habu da goro da gaisuwa. Na amsa gaisuwar, na mayar da goron. Sai magana ta fara yawo cewa Mutari ne ya hana kiran salla a ƙauye. Na ɗauki batir ɗin da nake gwaji da shi, na ba wani mai babur ya kai wa ladan, na ce a faɗa masa rigimata ba da masallaci take ba. Wannan bakin ya rufe.

Sarkin tasha ya zo da kansa ya zauna kan bencina. Ya ce Alhaji ya yarda zai faɗa a zaurensa, gaban mutum biyu. Na ce ba a zaure aka faɗi ta farko ba. Ya ce to shi zai faɗa a fili a madadinsa. Na ce ranka ya daɗe, ba bakinka ya ɓata ba. Ya ce taurin kaina zai kashe ni da yunwa. Na ce ba ta kashe ni ba tukuna.

Kasuwa ta zagayo, lokacin rake ne, kowace mota na lodi har sama. Bas ɗin Alhaji na tsaye, awaki na kwance a inuwarta, mutanen hanyar Yauri na cusa kansu a motar wani. Da hantsi na ga inuwa a bakin rumfa. Alhaji ne. Ya yi sallama, na amsa. Ya rage murya ya ce, "Mutari, abin nan ya isa haka. Na san ba laifinka ba ne."

Na nuna masa filin da turnabis.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya juya ya tafi, na bi shi a baya. Ya tsaya kusa da inda ya tsaya ranar nan, ya ce, "Jama'a, maganar da na yi kan Mutari na janye." Kamasho biyu ne suka juyo, sai wata mai sayar da fura.

Na ce, "Alhaji, mai shayi bai ji ba. Ranar nan har masu faci sun ji."

Ya kalle ni, na kalle shi. Ya tattara hannun rigarsa a kafaɗa, ya ɗaga murya har masu lodi suka tsaya da buhu a ka.

"Na ce hannun Mutari bai mutu ba. Laifin daga wajenmu yake. Kun ji ko ba ku ji ba?"

Mai shayi ya ce sun ji.

Ban gode masa ba, shi ma bai jira godiya ba. Na ce wa Habu ya kori awakin ya nemo masu turi. Na gasa ƙarfe, na sa diyod, na ɗaura dinamo, allura ta hau. Na ja wata waya zuwa bayan kujera, na sa ƙwan fitila a tsakiyarta, yadda batir ɗin masallaci zai riƙa bin motar yana sha a hankali, ba mai sake taɓa kos. Kafin in ɗaure noti na ƙarshe, wata motar Dawce ta tsaya a bayan bas ɗin tana jira.

Ni da Alhaji ba ma gaisawa har yau. Motocinsa nan ake kawo su.